Benci, Ɗanɗano da Gyara: Jarin Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Ƙasar Gobir

A Gatawa da Sabon Birni da Isa, da duk wani gari na ƙasar Gobir mai tasha ko bakin kasuwa, akwai kayan da ƙaramin ɗan kasuwa ke kashe wa kuɗi alhali ba na sayarwa ba ne. Mai shayi yakan sa kafinta ya buga masa benci biyu ko uku. Yakan sayi rediyo, ya riƙa sa mata batir. Yakan ajiye buta da tabarma saboda mai son yin salla, ga randar ruwan sha da ba ya karɓar ko kwabo a kanta. In aka duba lissafinsa na yini, ba inda waɗannan kaya suka shigo da riba. Amma a ɗauke su mako guda a ga yadda teburin zai koma.

Shayi dai shayi ne. Ganyen da wannan ke dafawa shi wancan ke dafawa, madarar gwangwani ɗaya ce, burodin ma sau da yawa daga gidan burodi ɗaya aka sauke musu, farashi kuma kowa ya san shi. Duk da haka za ka tarar da teburi ɗaya cike da mutane tun bayan sallar asuba, na kusa da shi kuwa sai jefi-jefi. Bambancin yana ga abin da mutum ke samu bayan kofin da ke hannunsa. A teburin farko ana buɗe rediyo da ƙarfe shida da rabi na safe a saurari Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, in ya ƙare a murɗa zuwa wata tasha, sannan a shiga sharhi. Direban da ya kwana a hanya ya faɗi yadda ya baro ta. Wanda ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya faɗi nawa aka sayar da buhun gero. Wanda ya ƙetaro daga Maraɗi ya faɗi yadda sefa ta kwana da naira. Manomi da ɗan acaɓa da malamin firamare duk su tashi da abin da za su yi amfani da shi a ranar. Mai shayin da ya san aikinsa ba ya tsoma baki da yawa. Nasa shi ne ya san wanda ba ya son sukari, da wanda ke son shayinsa da kauri, da wanda bai kamata a zaunar da shi kusa da wane ba.

Sannan yana lura da gurbin da babu kowa. In dattijon da ya saba zama a bakin benci bai fito ba, washegari da ya iso za ka ji an tarbe shi:

"Baba, lahiya? Mi yah hana ka zowa jiya?"

"Ciwon ƙahwa na, ɗana."

"Allah shi sawwaƙe. Zamna, ga naka nan ba sukari."

Mutumin da aka yi cigiyarsa haka da wuya ya koma wani teburi don an rage masa naira hamsin. Hausawa sun riga sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mai shayi kuwa duka biyun yake shimfiɗawa.

Kada a raina wannan. A birnin Landan, wajen 1688, wani mutum mai suna Edward Lloyd yana da shagon sayar da kofi inda matuƙa jiragen ruwa da fatake ke taruwa. Ya lura labarin jiragen da suka iso da waɗanda suka nutse shi ke kawo su, sai ya riƙa tattara musu shi. Daga wannan zama aka sami kasuwar inshora ta Lloyd's da duniya ta sani a yau. Mai shayin Gatawa ba ya neman kaiwa can, amma dabarar ɗaya ce: ka ba mutane dalilin zama, ciniki zai biyo baya.

Daga teburin shayi a leƙa wurin mai nama. Kafin a yi maganar kuɗi, mai tsire ko mai balangu zai yanko ɗan ƙaramin yanki, ya dangwala shi a yaji, ya miƙo a bakin wuƙa: "Alhaji, taɓa ka ji." Mai kilishi ma haka yake ɓantaro gefe, ko a nan ko a Gidan Rumji da Madawa da suka yi suna da shi a ƙetaren iyaka. Mai goro yakan fasa ɗaya ya ba ka ɓari. Mai kankana ya yanka ya nuna maka jan cikinta. Ɗanɗano yana cewa mai kaya ba ya tsoron kayansa, yana kuma mai da tsayuwar ciniki ta zama ɗan zama na mutunci, domin wanda ya ci abin hannunka ya riga ya zama baƙonka ko da bai saya ba.

A ƙarshen ciniki kuma sai gyara. Mai hatsi ya cika tiya ta yi tozo, sannan ya ƙara hannu guda. Mai tumatir ta jefa biyu a kai. Mai ƙuli-ƙuli ta ƙara wa yarinyar da aka aiko guda uku, ta ce, "Ungo, ɗiyata, ki gaida uwakki." Gyaran nan ƙarami ne, amma ana auna shi da ido, ana kuma tunawa da shi. A cikin gida an san mai hannun kyauta a kasuwa, an san mai ƙwauro, kuma a kan wannan sani ake gaya wa yaro wurin wanda zai je.

Cinikin mata ya fi na maza dogara da taro, ko da yake ba a ganinsa a bakin titi. Matar da ke dama fura ko soya ƙosai ko yin man gyaɗa a cikin gida ba ta da allo a ƙofa. Tallarta tana kan 'ya'yanta, sunanta kuma yana bakin matan da ta je wa biki. Ta halarci suna, ta kai gudummawar aure, ta zauna gaisuwar mutuwa, ta kama aikin tuwo a gidan maƙwabta. A wurin nan ake ɗanɗana abin hannunta, a wurin nan dillaliya ke kwance ƙullinta ta baza atamfa da kwanuka da turaren wuta, a taɓa, a gwada, a ɗauka a biya da kaɗan-kaɗan. Ranar kitso ko ƙunshi a gidan mai kitso yini guda ne na hira, wadda ake yi wa da masu jiran layi duk a tabarma ɗaya. Uwar adashe ma ba ta riƙe zubi da takarda. Da zuwa gidajen mutane take riƙe shi, da sanin wadda za ta aurar da ɗiya bayan kaka don a ba ta kwasa a kan lokaci. Zumunta a ƙafa take, kuma a sana'ar mata ciniki ma a ƙafar yake.

Bayan waɗannan na kullum akwai manyan ranaku. Wanda zai buɗe sabon shago ba ya farawa da sayarwa. Yakan kira liman da dattawan unguwa da abokan sana'a, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon, a yi addu'a, a raba goro da dabino, in da hali a ci abinci. Neman albarka ne, amma kuma gabatarwa ce: duk wanda ya shafa fatiha a wurin ya san ƙofar, ya san mai ita, ya kuma zama shaida cewa wane ya kama sana'a. Ranar da tela ko makanike ko mai walda zai yaye yaronsa, nan ma taro ake yi. Maigida ya sa masa albarka a gaban mutane, wani lokaci ya haɗa masa da keke ko 'yan kayan aiki. Da wannan zama guda ya gaya wa gari cewa aikin yaron abin yarda ne, ya kuma nuna irin hannun da ake koyo a shagonsa.

Da azumi ya kama, sai ka ga tabarma a ƙofar shaguna kafin magariba: kunu, ƙosai, dabino, ruwan sanyi. Mai shago lada yake nema, gama addini ya kwaɗaitar da ciyar da mai azumi, kuma ba ya tambayar wanda ya zauna ko ya taɓa sayen wani abu a wurinsa. Amma wanda ya sha ruwa a ƙofarka wata guda, ranar da zai sayi shinkafar Salla ƙafarsa ta san hanya. Goma ta ƙarshe kuwa shagon tela ba ya rufewa. Fitila na ci, keke na kuka, samari na zaune suna jiran ɗinkinsu, ana shan shayi ana zolayar wanda aka yi wa alkawari sau uku. Ranar Salla mai kanti ya aika wa manyan abokan cinikinsa goron Salla, mahauci ya kai tsoka gidan wanda ya shekara yana saye a wurinsa.

Matasa sun ƙaro nasu. Mai gidan kallo, da janaretonsa da allon da yake rubuta wasannin mako da alli, ya san ranar da Barcelona za ta kara da Real Madrid ranar kasuwarsa ce, kuma mai rake da mai gyaɗa da mai ruwan leda duk za su ci albarkacinta. Mai shagon da ya saya wa ƙungiyar ƙwallon unguwa riguna, ko ya sa rago a gasar bayan kaka, sunansa zai daɗe a bakin yara fiye da duk wata sanarwa. Abin da manyan kamfanoni ke zuba miliyoyi su yi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ko a gasar kokawar Takobi da Nijar ke yi tun 1975, shi ƙaramin ɗan kasuwa ke yi da abin da aljihunsa zai iya.

Duk wannan yana da tushe. A ƙasar Hausa kowace sana'a ta gado tana da sarkinta, da kiɗanta, da ranar da take fitowa ta nuna kanta. Kalangu na mahauta ne, kuma a da shi ke shaida wa gari cewa an yi yanka mai kyau a kasuwa. Mahautan ne masu hawan ƙaho, inda saurayi ke tarar bijimi ya rungume ƙahoninsa a gaban Sarkin Pawa da jama'a. Dambe ma a cikinsu ya yi ƙarfi, suna bin garuruwa bayan an kawar da amfanin gona. Maƙera suna da wasan wuta, wanzamai suna da nasu wasan da aska. Wanda ya kalli maƙeri yana wasa da jan ƙarfe a dandali, ranar da zai sayi garma ko lauje ya san wa zai nema. Sana'a ta zama abin kallo, abin kallo ya zama suna.

Fatauci na nesa kuwa a kan masauki ya tsaya. Gobir tana kan hanyar ayarin Azbinawa masu sauko da gishiri da dabino su koma da hatsi, tun zamanin da Alƙalawa ke babban birninta kafin faɗuwarta a 1808, har zuwa kafa Tsibiri da Sabon Birni a ƙarni na 19. Baƙon da ya zo da kaya fatoma ke saukar da shi, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki bashi. Ba ya karɓar kuɗin kwana, la'ada ce rabonsa. Wani masani, Abner Cohen, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan: maigidan da ya fi iya karɓar baƙo shi ya fi tara fatake, baƙon da ya ji daɗin masauki kuma can zai sauka baɗi. Tuwon dare da aka ci tare shi ne takardar yarjejeniya.

Sai dai duk wannan jari yana buƙatar abu ɗaya, wato mutane su iya taruwa ba tare da tsoro ba. Shi ne abin da aka ƙwace wa gabashin Sakkwato a shekarun nan. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, aka kuma taƙaita cin kasuwannin dabbobi. A watan Oktoba na shekarar aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle, aka sake kai wani kasuwar Goronyo inda aka kashe fiye da mutum 40. A 2023 ƙarancin takardun naira ya zo, aka cire tallafin man fetur, aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansa da duk waɗanda aka rasa.

Rayukan da aka yi asara su ne babban rashi, ba abin da za a haɗa da su. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani rashin da ba ya shiga labarai. Kasuwar da ake ci har magariba ta koma watsewa da rana tsaka. Hirar dare ta gajarce. Dandali ya yi shiru a ƙauyuka da yawa, wasu ƙauyukan ma babu kowa, mutanensu suna Sabon Birni ko Isa ko Sakkwato, wasu sun ƙetara yankin Maraɗi. Mai kantin da ya shekara ashirin yana gina sanayya da mutanen ƙauye biyar ya wayi gari littafin bashinsa cike da sunayen waɗanda suka rasa gona da dabba. Abin da ya fi ciwo shi ne tsoron infoma. Bencin da a da kowa ke faɗin inda za shi gobe da abin da ya sayar yau, yanzu ana auna magana a kansa, baƙon fuska kuma ana yi masa kallon da a da ba a yi wa baƙo. Tsoron yana da dalili, domin an ga abin da sakin baki ya jawo. Amma ciniki da amana tafiyarsu ɗaya, in ɗaya ta rame ɗayar ba ta ƙiba.

Duk da haka abin bai mutu ba, kuma wannan ne ya fi cancanta a lura da shi. Lokacin da waya ta ɗauke, labari ya koma inda ya fito, bakin direba da teburin mai shayi. Lokacin da kuɗi suka yi wuya, wanda aka sani shi aka ba kaya a kan ya kawo in ya samu, kuma a wurin zama aka san shi. Wanda ya gudo daga ƙauyensu ya shigo gari, abu na farko da yake nema bayan wurin kwana shi ne inda mutanen garinsu ke zama, sau da yawa kuwa a gindin wani mai sana'a ne ɗan garinsu da ya sake kafa teburi. A can ake jin wanda ya tsira, da wanda aka sako, da inda ake neman leburori. Sabbin sana'o'i ma sun bi sawu: mai POS da mai cajin waya da hasken rana duk sun ajiye benci, domin mai jiran wayarsa ta cika mai zama ne. Matasa suna ɗora hoton kayansu a WhatsApp da Facebook, kuma yana kawo mai saye. Waya tana iya kiran mutum zuwa ƙofa, amma tarbar da ya samu a ƙofar ita ke dawo da shi.

Tara mutane yana da nasa nauyi. Akwai mai zaman benci da ba ya saye, akwai mai cin bashi ya sauya hanya, akwai ɗanɗanon da ke cinye riba in ba a sa masa iyaka ba. Mai sana'ar da ya bari wurinsa ya zama dandalin gulma ko zagin mutane, masu mutunci za su janye ƙafa ba tare da sun ce masa komai ba. Kuma walima komai girmanta ba ta rufe algus: wanda ya tauye mudu ko ya haɗa tsohon nama da sabo, taron da ya tara shi zai yaɗa labarinsa. Abokin ciniki kamar shukar fadama yake, ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum ya fi ambaliya ta rana ɗaya. Gaisuwa, cika alkawari, awo na gaskiya, tambayar wanda ba a gani ba, su ne na kullum. Taron Salla da na azumi a kansu suke zama.

Don haka kira na farko ga masu ƙananan sana'o'i ne: ko an matsu, kada bencin ya zama abin da za a fara ɗaukewa, kada gyara ya zama abin da za a fara yankewa. A rage girmansa in ya zama dole, amma a bar shi. Na biyu ga mu masu saye: wanda ya ba ka wurin zama da bashi ranar da ba ka da shi, ka biya shi, kuma ranar da ka samu ka kai kuɗinka wurinsa kafin ka kai su birni. Na uku ga hukuma, daga ƙaramar hukuma har Abuja: ana yawan maganar ba ƙananan 'yan kasuwa jari da horo, alhali mutanen Gatawa da Sabon Birni da Isa sun gaji sanin yadda ake riƙe abokin ciniki tun kaka da kakanni. A tsare musu hanya, a tsare musu ranar kasuwa, su iya zama a ƙofar shago bayan isha'i ba tare da fargaba ba. In aka yi wannan, sauran aikin su da kansu za su yi shi.